Kakan Inna a Tsugune

Inna ta rasu da hantsi, a shekarun nan da mahara daga duwatsun Ningi suka matsa wa ƙasarmu, lokacin da ko itace mutum zai je yi bayan ganuwar Birnin Kudu sai ya yi ta waiwaye. Ni ne babban ɗanta, a lokacin gemuna ya fara furfura, ina koyar da karatu a zaurena. Wasiyya guda ta bar mini, ta kuma sa na ɗauki alkawari hannuna cikin nata: in binne ta kusa da kakanta, a tsohon kufanmu da ke kan hanyar Gwaram.

Kakan nan kuwa da shi muke tutiya. Mukan ce tun kafin a ɗaga tutar jihadi shi malami ne, shi ya kawo karatu yankin, gidanmu bai taɓa sanin tsafi ba. Ni kam ko ba a tambaye ni ba sai na kawo zancensa, har abokaina sun haddace. Duk shekara bayan girbi mukan je tudun kabarinsa a gindin wata kuka, mu ɗaga hannu mu yi masa addu'a.

Aka yi wa Inna sallah a gari, muka ɗauki makara, wasu na rataye da kwari da baka. Limamin unguwarmu yana ta mita kan nisan wurin, na yi kamar ban ji ba. Da muka isa aka ajiye ta a inuwar kukar, na nuna wa masu haƙa wuri a yamma da tudun, dab da shi.

Sun gama uwar kabari, suna cikin fitar da ƙaramin ramin da ake kwantar da mamaci, sai dagin ɗayansu ya zurma a bangon gabas. Ƙasa ta zubo. Mutumin ya leƙa, ya yi tsalle ya fito kamar ya taka maciji.

"Malam, sauko ka gani da idonka," in ji shi. "Ni bakina ba zai iya ba."

Na sauka. Mutum ne a tsugune, gwiwoyinsa sun tokare haɓarsa, hannuwansa rungume da ƙafafu. Mundaye na ƙarfe sun yi tsatsa a damtsensa. Ga tulu a gefensa an kife masa baki da sakaina, irin wanda maguzawa ke zuba wa mamacinsu giya. Babu kwanciya a gefen dama, babu kallon alƙibla. Na ji salati na fita daga bakina, amma muryar kamar ba tawa ba.

"Ba shi ba ne," na ce da ƙarfi. "Mutanen da ne, waɗanda suka riga mu zama. Kakanmu yana sama da shi, ko can gefe."

Liman ya ce haka ne mai yiwuwa, a duba. Na karɓi wata sakaina a hannun masu haƙa, na shiga kankare bangon a hankali, ina neman alamar wani ramin. Ƙasar da aka taɓa haƙawa ba ta ɓuya, launinta daban da jar ƙasar da ba a taɓa ba. Na bi gefenta da yatsa. Rami ɗaya ne tak, zagayayye kamar bakin rijiya, kuma daidai tsakiyar tudun da muke yi wa addu'a. Na duba haƙoran, sun suɗe saura kututture, na tsoho ne tukuf. Duk abin da na duba don ya cece ni, sai ya ƙara tura ni ciki.

Sai Kawu, ƙanen Inna, wanda tsufa ya sa a kan jaki aka kawo shi, ya matso bakin ramin.

"Ɗan nan, share mini ƙwaurinsa na hagu."

Na share. A tsakiyar ƙashin akwai ƙullutu, ya karkace, irin karayar da ta haɗe a baibai.

"Shi ne," in ji Kawu. "Daga kan dutse ya faɗo yana saurayi. Ɗingishinsa kaɗai nake iya tunawa, da yadda yake saɓa ni a wuya."

"Kawu, dama kun sani?"

"Ina muka sani? Muna yara, aka kulle mu a gida ranar da aka kai shi. Babanmu dai shi ya je neman karatu. Sauran labarin kuma bakin jikoki ne ya ƙara."

Na rasa inda zan sa idona. Ga maƙwabtan da na cika wa kunne tsaye a kaina.

Liman ya yi gyaran murya. "Malam, ka yi haƙuri. Ba a haɗa Musulmi da wannan. Ga rana ta karkata, ga halin da ake ciki. A mayar da ita maƙabartar gari."

Gaskiyarsa ce, ni ma abin da zan faɗa wa wani ke nan. Har mutum biyu sun kama kan makarar. Sai na ji raina ya ɓaci, ban ma san da wa nake fushi ba.

"Ku ajiye ta," na ce. "Alkawari na yi mata. Wanda zai tafi, ga hanya."

Wasu kuwa suka tafi. Liman ya juya baya ya tsaya can nesa, bai tafi ba, bai kuma matso ba. Na kwaɓa laka na toshe ɓarakar da hannuna, ban taɓa tulun ba, ban miƙe wa tsohon ko yatsa ɗaya ba. Aka miƙo mini Inna, ba ta da nauyi ko kaɗan. Na kwantar da ita a gefenta na dama, na juya fuskarta gabas kamar yadda aka umarce mu, kuma a gabas ɗin, bayan laka kaurin tafin hannu, kakanta ne a tsugune.