Ranar da Na Harba Makami daga Bani Malik

Duk shekarun da na yi a teburin fassara, akwai wata Talata ta watan Rajab da ba ta taɓa fita raina ba. Ku da kuka fara aiki kwanan nan, gara ku ji labarin daga bakina.

Lokacin ofishinmu yana unguwar Bani Malik, nan ƙasa mai tsarki, a saman wani gidan burodi. Aikinmu mu ɗauko labarai na Larabci mu mayar da su Hausa, mu tura wa mutanenmu ta waya, a rubuce da kuma a murya saboda waɗanda ba sa karatu. Tsarin mataki uku ne. Mai fassara ya fassara, mai dubawa ta gwada da asalin Larabcin, sannan shugaba ya sa hannu a saki. Ni ne mai fassara, Hajiya Rabi mai dubawa, shugabanmu kuma Ustaz Usman, Bahaushen Sudan.

Ni a nan unguwar Ruwais aka haife ni, kuma ba na barin kowa ya manta da hakan. Da Hajiya ta ja layi a ƙarƙashin wata kalma tawa sai in ce, "Hajiya, ke a makaranta kika koyi Larabci, ni a nono na sha shi."

Ranar Hajiya ta tafi asibiti, Ustaz kuma ya fita wani taro. Bayan azahar sai ga labari ya shigo. Idona ya faɗa kan kalmomi biyu a kanun: sarukh da askari, wato na soja. To a Larabci sarukh sunan abu biyu ne, rokar da ke kai kaya sararin samaniya, da makami mai linzami. Ni na biyun na ɗauka, don ya fi daɗin faɗa. Na hango wani layi can ƙasa da ke cewa abin zai riƙa ratsawa ta saman yankinmu, na haɗa su, na gyara murya kamar ta manyan 'yan jarida, na saki ba tare da sa hannun kowa ba. Har shayi na haɗa wa kaina don murnar na riga kowa.

Ban shanye shi ba Gwaggo Asabe, ƙanwar mahaifina, ta kira daga unguwar Balad.

"Ya Bashir, kana ofis har yanzu? Mu dai muna ƙarƙashin matakala da tabarma. Yalla, ka taho, akwai wuri."

Daga nan wayar ofis ba ta sake yin shiru ba. Ana cikin haka Ustaz ya shigo, gumi ya jiƙa masa taguwa. Bai ɗaga murya ba.

"Bashir, ka karanta layi na biyu?"

Na ce, "Ustaz, ai kanun a fili yake."

"Karanta min shi yanzu, da ƙarfi."

Na karanta. Wata ƙasa ce can nesa ta harba ƙaramar roka daga wani tsibiri, ta kai tauraron ɗan'adam na sojojinta sama, inda zai riƙa kewaya duniya. Yankinmu ɗaya ne cikin duk wuraren da zai ratsa, can inda ido ma ba ya kaiwa. Kafin in kai ƙarshe muryar 'yan jaridar nan ta gudu ta bar ni.

A ƙasar nan labarin ƙarya kan tsaro ba abin wasa ba ne. Ana iya rufe ofis, kuma iƙamata, takardar zamana a ƙasar, a ƙarƙashin kamfaninmu take. Na ce, "Ustaz, in aka kira, ka ce ni ne."

Ya ce, "Sunana ne a kan lasisin, ni za a kira. Halas, magana ta ƙare. Kai naka gyara."

Hajiya ta dawo da ledar magani a hannu, ta zauna kusa da ni. Sau bakwai na ɗauki muryar gyaran tana mayarwa. Da na ce "an samu kuskure" sai ta ce, "Waye an? Faɗi sunansa." Sai da na ce, "Ni Bashir na yi kuskure, ban karanta labarin ba," sannan ta bari aka saki.

Washegari aka kira Ustaz. Ya dawo da takardar gargaɗi da sunansa a jiki, ya sa ta a durowa, bai ƙara tayar da maganar ba. Abu ɗaya ya ba ni, lambar wani tela a Kano. Mutumin ya ji saƙona, ya fitar da mahaifiyarsa daga layin jirgi, tsohuwar da ta yi shekaru tana jiran Umra. Sai bayan mako biyu ta samu tasowa.

Na kira shi ina ta bayanin bambancin roka da makami. Ya bar ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ni ban san roka ba, ban san tauraro ba. Ku na sani."

Abin da na koya ke nan. Mutanenmu ba sa zuwa su duba Larabcin, mu ne Larabcinsu. Saboda haka idan kuka ga ina bin labari da yatsa kamar ɗan aji ɗaya, kada ku yi mamaki, har sunan wanda ya rubuta shi nake karantawa.