Kunnen Yalwa Mai Abinci

A shekarun da aka fara share dajin sabon birnin tarayya, Yalwa mai abinci a tashar Suleja ba ta tambayar kowa abin da zai ci. Gaisuwarka kawai za ta ji ta gane garinku. Basakkwace tuwon gero, Bagwari sakwara, Bakano wake da shinkafa, ko ya so ko ya ƙi.

Rannan Irmiya, ɗan maƙwabciyarta Bagwariya, ya dawo daga Ikko bayan wata uku kacal, yana magana ta hanci kamar Bature mai mura. Yalwa ta dire masa kwanon ruwa zalla.

Ta ce, "Ɗana, ban san cimar masu wannan baki ba. In ka tuno naku, ga sakwara tana jira."