Tsohuwar da ta riga ni ga Baƙin Shaho

A kasuwar littattafai ta Lahadi a Daryaganj, inda ake sayar da mujallun zane a kan kilo, wata tsohuwa tana tsugune cikin farin sari, tabarau ɗaure da zare. Tana lasar yatsa tana buɗa mujallar Baƙin Shaho, fitowar da na daɗe ina nema, wadda a cikinta za a san ko jarumin zai bar rundunarsa saboda budurwarsa Rukmini.

Ni kuwa, akawu da furfurata, ina bayanta ina leƙe.

"Harbans, ɗana," ta ce wa mai tebur, "sakaran jarumin nan fa bai taɓa dacewa da mace ba. Marigayi maigidana dai ya nace yarinyar kirki ce."

Ina zaton tare suke karantawa, yanzu ita kaɗai take ƙarasa gardamar.

Na yi gyaran murya. "Mama, ki bar mini mana. Yarona ne ke so."

Ta dube ni ta saman tabarau, ta ɗora mujallar a sikeli.

"Tun ɗazu numfashin yaron naka ke ɗumama mini ƙeya. Ka ce masa Lahadi mai zuwa ya yi sammako."