Goggo Verna da Mijinta Mai Gudun Littafi

A garinmu, can bakin babban tafki a arewacin Michigan, ba wanda ya taɓa kai wanki shagon Goggo Verna Salmi ya fito da wankinsa kaɗai. Dole sai da littafi a saman kwandon, ko yana so ko ba ya so.

Goggo Verna yayar babana ce. Burinta tun tana ƙarama ta zama malamar makaranta, amma aka rufe mahaƙar tagulla tana sakandare, kakanmu ya rasa aiki, karatun ya tsaya a nan. Ta yi aikin kanti, ta auri Baba Arvo mai gyaran injin kwalekwale, daga baya suka sayi shagon wankin da ke gefen coci. Injinan wanki a jere, kujerun roba, tukunyar kofi da ba ta hucewa, sai kantar littattafai da ta cinye bango guda. Lissafinta mai sauƙi ne: wanda ya zuba kayansa a inji ba inda za shi sai sun bushe. Ta samu ɗalibai ke nan ba tare da takardar koyarwa ba.

Kullum cewa take karatu don jin daɗi ake yinsa. "Ba jarrabawa zan yi maka ba," in ji ta, tana ɗora maka littafi mai kaurin bulo. Ranar da ka dawo kuwa sai jarrabawar.

"Ya ka ga ƙanwar manomin nan?"

In ka ce ai ta burge ka ƙwarai, sai ta leƙo ka ta saman tabarau. "Ba shi da ƙanwa."

Har Fasto Niemi sai da ya faɗa wannan ramin. Daga ranar ya koma kai rigunansa gari na gaba, wai ruwan can ya fi fitar da datti.

Littafin da ta fi ƙauna labarin manomin ne, wanda ya cinye shafi ɗari huɗu yana shawarar sayar da gonarsa, ƙarshe bai sayar ba. Rabin gidajen garin sun saukar da littafin nan baƙunta. Ya tokare taga, ya danne murfin tukunya, ya koma kanta lafiya lau.

Jikin shagonta akwai na Loretta Pelkie mai gyaran gashi, ƙawarta kuma abokiyar faɗanta. Wata rana Loretta ta shigo da kwali cike da ƙananan littattafan soyayya, irin masu hoton ƙato a bango, riga a buɗe, iska na kaɗa masa gashi.

"Verna, ga waɗannan ki jera, mutane su ɗan huta."

"Su huta daga me?"

"Daga ke mana."

Goggo ba ta iya jefar da littafi, a wurinta zunubi ne. Sai ta tura kwalin bayan buhunan sabulu, ta zari guda ta cusa ƙarƙashin ƙafar injin da ke rawa. Ta ce yau dai ɗayansu ya yi amfani a duniya.

Babban baƙin cikinta kuwa a cikin gidanta yake. Baba Arvo bai taɓa karanta littafi ba. Ta ajiye masa a kwalekwale, ta ajiye a ɗakin wankan tururi, har cikin kwanon abincinsa ta taɓa sakawa.

"Ina karanta jarida," yakan ce.

"Shafin mutuwa kake karantawa, tsoho."

"Shi kaɗai ne ba sa ƙarya a ciki."

Haka suka tsufa tare. Sai wani hunturu idon Goggo ya samu matsala, aka yi mata aiki, likita ya ce ba karatu, ba shago, sai ya ba da izini. Baba Arvo ya karɓi makulli. Da yake makanike ne, abin da ya fara yi shi ne gyara injin da ke rawa. Ya zaro littafin da ke ƙarƙashinsa, ya kakkaɓe. Shagon shiru, ƙanƙara na zuba a waje, ba abin yi.

Da na shigo da zannuwan gadona na same shi a kujerar Goggo, kofinsa ya huce, bai ko ɗago ba.

"Baba, me kake karantawa?"

"Wani abu nake dubawa." Kunnuwansa sun yi ja. Can ya kasa haƙuri. "Yarinyar da ke cikin littafin nan za ta auri wani likita, alhali mai kiwon dawakin ne ke sonta. Kowa ya gani sai ita."

Kafin a kwance wa Goggo ido ya gama rabin kwalin. Shi bai san ana ba mutum shawarar littafi ba. Abin da ya dame shi kawai yake faɗa wa duk wanda ya zauna kusa, ya tsaya a inda karatunsa ya tsaya. Masunta da direbobin motar share ƙanƙara, mutanen da rabonsu da littafi tun makaranta, sai ka ji suna cewa, "To sai me ya faru?" Ya ce shi ma bai kai nan ba, a jira ya gama. Aka fara layi. Wanda ya dawo da littafi bai gama ba, Baba ya ce, "Bai yi maka ba? Ɗauki wani." Fasto ma ya gano cewa ruwan garinmu ya gyaru.

Ni na rako Goggo ranar da ta koma shago. Ta tarar da kwalin Loretta a kan tebur, tsofaffi uku suna musu a kan ko wata gwauruwa ta cikin littafi ta kyauta da ta ƙi wani mai jirgin ruwa. Kantarta na nan yadda ta bar ta, sai ƙura.

Ta juya ta dubi mijinta. "Arvo, shekara arba'in ina bin ka da littafi."

"Ga shi na karanta."

"Wannan ba littafi ba ne."

Ya juya shi a hannu, ya duba gaba, ya duba baya. "Da shafuka dai."

Loretta ta leƙo daga ƙofa, almakashi a hannu. "Sannu da jiki, Verna. Ido ya buɗe? Kina ganin komai da komai?"

Goggo ta yi sati ba ta gaishe ta ba. Amma ba ta mayar da kwalin bayan sabulu ba, don ta ga shagon bai taɓa cika haka ba. Ta dai ba shi wuri a can ƙasan kanta, inda sai mutum ya durƙusa zai ɗauka. Tsofaffin suka riƙa durƙusawa, da ciwon gwiwarsu da komai.

Da bazara ta zo, kwamitin ɗakin karatu na gari ya sanar zai karrama wanda ya fi jawo mutane ga karatu. Goggo ta sayi sabuwar riga, ta je wurin Loretta ta gyara mata gashi, a nan suka shirya. Muka zauna a layin gaba a zauren coci, ga kofi ga burodi mai zaƙi. Shugabar kwamitin ta yi dogon bayani a kan shagon wanki da ya zama makaranta. Goggo ta gyara zama, ta ɗauki jakarta. Aka kira Arvo Salmi.

Sai da na zungure shi ya tashi. Aka miƙa masa allon katako mai sunansa, aka ce ya faɗa wa jama'a littafin da ya fi so. Ya sosa ƙeya, ya dubi matarsa.

"Akwai wanda Verna ta ba ni muna neman aure," ya ce. "Shi ne na fi so. Ina shafi na tara. In Allah ya ba ni tsawon rai zan gama."

Aka yi dariya, aka tafa. Goggo ma ta tafa, a hankali, bakinta a tsuke.

Muka shiga mota muka kama hanyar gida. Allon na kan cinyar Goggo, tana goge shi da hannun rigarta.

"Sun rubuta sunanka daidai dai," ta ce.

"In kina so ki rataye a shago," in ji Baba.

"Da a ina za a rataye?"

Yanzu duk sun haura tamanin, jikansu ke kula da injinan. Goggo tana zuwa da safe ta zauna gefen tukunyar kofi. Makon jiya ta kama sabon ma'aikacin jinya da aka turo garin, bawan Allah bai san kowa ba tukuna. Na gan shi yana fita da kwandonsa, littafi mai kaurin bulo a sama, yana ta yi mata godiya.