Fatu Biyu a Ƙofar Gidana

Har yau ban yafe wa malamin lakwal ɗin nan, wato makarantar boko ta garinmu Bande, ba, ko da yake ya daɗe da rasuwa. Shekara biyu bayan babban fari ya zo mana da dabara: shi da samarin gari za su yi wasan kwaikwayo kan rigimar manoma da makiyaya, amma ba za su ƙago komai ba. Za su bi gida-gida, ruga-ruga, da akwatin ɗaukar magana, abin da mutum ya faɗa shi ɗan wasa zai maimaita. Wai ta haka za mu ji juna. Ya rantse mini ba mai gane bakin kowa.

Ni kuwa ina da abin faɗa. Akwai wani dattijon Bafillace, aminin mahaifina, da nake kira Baffa. Kowace kaka in an kwashe hatsi a gonarmu yake sauka da garkensa, shanu su ci kara su bar mana taki. Gonar jigawa ce, in ba takin nan ba ko iri ba ta mayarwa. Shanuna biyu na gado ma a hannunsa suke. Da fari ya tsananta ya yi kudu da su, ya dawo ya ce sun mutu. A al'adarmu in dabbar amana ta mutu, makiyayi kan kawo wa mai ita fatar ya ga shaidarsa. Baffa bai kawo ba, ni kuma kunya ta hana ni tambaya. Abin ya daɗe yana ci na, sai na juye wa akwatin duka.

Ran kasuwa bayan la'asar aka yi wasan. Manoma gefe guda, makiyaya gefe guda da sandunansu, kowa ya ɗaure fuska. Sai wani ɗan banza ya fito da hauya a kafaɗa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Sun mutu, ka gane ko? To ina fata, ka gane ko? Saniyar da aka sayar ba ta barin fata."

Duk Bande ba mai cewa "ka gane ko" bayan kowace magana sai ni. Malamin ya ce ba a taɓa ko kalma ɗaya, shi ya sa bai cire ba. Kasuwa ta juyo tana kallona, wasu har da dariya. Baffa yana zaune a gaba, bai ko waiwayo ba. Raina ya ɓaci, na zagi malamin a gaban jama'a, na yi tafiyata ana tsakiyar wasa.

Kwana uku bayan nan Baffa ya yi sallama da hantsi, jakinsa ɗauke da busassun fatu biyu. Ya shimfiɗa su a ƙofar gida.

"Ɗana, duba shaidarka."

Ga lalas ɗin gidanmu, shaidar da muke yi da ƙarfen wuta, nan a cinya, duka biyun. Na ce, "Baffa, shigo ka sha ruwa." Ya ce ya sha, ya kora jakinsa. Kakar nan a gonar maƙwabcina ya sauka, ina hango hayaƙinsa.

Sai ga malamin da akwatinsa, ba kunya ba tsoro. "Da ka zauna an gama teyatur ɗin," in ji shi, "da ka ji amsarsa. Ita ce ke biye da taka." Kafin in hana ya kunna. Muryar Baffa ce. Ya ce da hannunsa ya feɗe su, ya ɗauko fatun tun daga kudu, ya iso ƙofata ya ji ƴaƴana na kukan yunwa, ya kasa ajiyewa. Ya ce ya bari sai ɗan amininsa ya ga damina mai kyau.

Na saurara har ƙarshe, sannan na ɗauki taɓarya na kore shi. Wa ya aike shi? Ni da Baffa muna zaune da shirunmu, shanu na kwana a gonata. Shi kuwa malamin ya samu tafi, har garin Magarya aka kai wasan.

Sau biyu na je rugar Baffa, ana ce mini ya fita kiwo, alhali ga takalmansa a bakin bukka. Gonar ta yi shekara huɗu ina ja da ita kafin na bar ta. Fatun suna cikin rumbuna, ban taɓa iya yin sallah a kansu ba.