Mun Kai Baba Kanya

Warin robar taya a wurin mai faci, shi ke tada mini hankali. Ni ɗan kabu-kabu ne, kusan kullum sai na tsaya can, kuma kullum sai na tuna hannun babana. Da tsohuwar robar keke yake ɗaure fartanya a wuyan hannunsa, ya ja ƙullin da haƙori, don yatsun da za su riƙe ƙota babu su. Kuturta ta cinye su tun ban zo duniya ba. An ba shi magani a asibitin mishan, ya warke sarai. A garinmu Rikoto dai ba wanda ya yarda ya warke, mu kuma sunanmu 'ya'yan kuturu, ko da yake jikinmu lafiya lau.

Baba na da dabarunsa. Ba ya shiga mutane hannu sake. Ko sanda, ko igiya, ko kaza a hammata, sai ya riƙe wani abu, don kada ya miƙa hannu a bar shi a miƙe. A coci bencin ƙarshe ne nasa, bakin ƙofa, wai yana son iska. In ya ga za a yi masa ba'a, sai ya riga kowa: "Ni fa na huta da mai yankan ƙumba." A yi dariya, har da shi. Ban da ni.

Wata damina aka yi gayya a gonar maƙwabcinmu. Ƙasa ta sha ruwa, dawa ta kai gwiwa, ana kiɗa ana noma. Baba ne a gaba, robar nan ta yanke masa fata, bai tsaya ba. Da aka sauke tuwo sai ya ce ya ƙoshi, ya koma gindin ɗorawa. Ni yaro, yunwa na cina, na tsuguna cikin sa'o'ina na kai hannu akushi. Matar gidan ta kama mini hannu. Ba ta zage ni ba. Ta gutsuro tuwo ta ɗora a ganye, ta ce, "Ungo naka, ɗan nan, je ka wajen babanka."

Na jefar da shi a ƙasa, gaban kowa.

Baba ya taso, ya tattara tuwon da dungulmin hannayensa, ya hure ƙasar, ya ci. Har ya yaba miya. A hanyar gida na ƙi tafiya kusa da shi. Sai da muka kusa shiga gari ya ce, "Mako mai zuwa gayyarmu ce. In ba su zo ba, kai za ka nome gonar?" Sun zo kuwa. Mun ci dawar shekarar nan har wata damina. Wannan shi ne abin da ya fi ba ni haushi, don ban taɓa samun bakin cewa ya yi kuskure ba.

Yanzu ga ni da furfura, Baba yana ɗakin baya a gidana. Watan jiya aka aiko cewa iyayen wani yaro malamin makaranta za su zo neman auren 'yata ta fari. Mutanen Dirin Daji ne, ba su san mu ba. Kafin in buɗe baki, Baba ya riga ya ƙulle kayansa, wai ya daɗe bai ga ƙanwarsa a Kanya ba.

Na ce, "Baba, ba inda za ka. Gidanka ne."

Ya ce, "Aurenka ne? Tambayi mai abin."

Na sami yarinyar tana wanki. Ita ce fa take aske masa kai, a kwano ɗaya suke ci tun tana rarrafe. Na tambaye ta. Ta ce yaron ya sani, uwarsa ce ba ta sani ba. Ta yi ta cuɗa riga ɗaya, ba ta ɗago ba. Can ta ce mini, "Baba, kwana biyu ne kawai."

Ni na kai shi da kaina a mashin. Ya zagaye cikina da hannayensa, yana ba ni labarin gonakin da muke wucewa, wane ya shuka da wuri, wane malalaci ne. Haka har muka isa.

Baƙi suka zo, suka ci suka sha. Uwar yaron ta dubi ɗakin baya ta ce, "Ina tsoho?" Na ce ya yi tafiya. Aka sa biki bayan girbi.

Ka ga, yau ciwon nan ƙwaya ake ba mutum ya sha, ko yatsa ɗaya ba ya rasawa. Yaran yanzu da yawa ba su taɓa ganin mai shi ba. Amma in aure ya tashi, tsofaffin mata ba asibiti suke zuwa tambaya ba, unguwa suke shiga. Ban ga laifin 'yata ba. A gidanmu ta koya, ba wanda ya zaunar da ita ya karanta mata.

Kwana biyun nan sun zama wata guda. Shekaranjiya Baba ya aiko da wani direba, wai in kwantar da hankalina, dawar ƙanwarsa ta kusa nuna, zai tsaya ya taya su aiki, kada a jira shi wajen biki. Mutumin da ko tashi daga tabarma sai an kama shi.

Ban gaya wa matata ba, ban gaya wa yarinyar ba. Gobe da safe zan je in ɗauko shi. Zai yi gardama, na sani, kuma wataƙila shi ne mai gaskiya, kamar kullum. Wataƙila auren ya watse a kaina. Amma ran biki a kujerar gaba zan zaunar da shi, in uwar yaron ta zo gaisuwa, ita ta san yadda za ta yi da hannunta.