Almakashin Gwaggo

Duk wanda ya ce maka digiri ne ke kawo kuɗin bincike, ka ce masa ni na ce ya sake tunani. Digiri uku gare ni, kuma sau uku gwamnati ta dawo mini da takardata da "muna baƙin cikin sanar da kai." Wadda ta fitar da ni kunya kuwa ko digiri ɗaya ba ta da shi.

Gwaggo muke ce mata duk jami'ar, har furofesoshin da suka girme ta. A bayan idonta, Gwaggo Almakashi. Ofishinta na ƙarshen baranda kusa da matakala, ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da fanka mai kuka, da kabad biyu na ƙarfe. Aikinta taimaka wa malamai su nemi tallafin bincike daga gwamnati. 'Yar tela ce. Tana budurwa ta shigo a matsayin mai buga tafireta, ta shekara goma sha tana buga wa malamai takardun neman tallafi, har ta gano wani halinmu: in amsa ta zo an ƙi mu, sai mu dunƙule wasiƙar mu wurga kwandon shara, ko bayanin alƙalan da suka duba takardar ba ma karantawa, don baƙin rai. Ita kuma sai ta bi ta tsince, ta miƙar, ta karanta, ta adana. Kabad biyun nan cike suke da kunyarmu. Da haka ta san abin da alƙalan ke so fiye da kowa, har hukuma ta gaji ta ba ta ofishin.

Ni bincikena a kan ƙwarin da ke cin wake a buhu ne. Shekara bakwai ina tara kwalabe a wani ɗan ɗakin gwaji, kowace da wakenta da ƙwarinta da kwanan watanta. Sai shugaban sashenmu ya kira ni, ya ce in zangon karatu ya ƙare ban samo tallafi ba, zai mai da ɗakin ma'ajiyar takardun jarrabawa, kwalaben kuma bola. Wallahi na tsorata. Ƙwari ba sa jiran mutum ya sami wani ɗaki.

Ran wata Litinin Gwaggo ta ƙwanƙwasa mini. Al'adarta ce, duk Litinin sai ta bi sanarwar ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta bi ofisoshi tana raba wa kowa wadda ta dace da shi.

Ta ce, "Dakta, shekara uku kana buga ƙofar da ba taka ba. Asusun kimiyya ba ruwansa da wakenka. Ga ma'aikatar noma tana neman mai maganin asarar amfanin gona. Sati uku ya rage."

Na zauna na zuba shafi arba'in, da manyan kalmomi irin waɗanda ni kaina sai na numfasa kafin in kai ƙarshen jimla. Na kai mata ina taƙama. Ko yabo ba ta yi ba. Ta ɗauko sanarwar ma'aikatar, ta yanke tambayoyi shidan da ke ciki, ta manna su a bango a jere. Sannan ta juyo kan takardata da almakashi. Ƙyas! Ƙyas!

Na miƙe tsaye. "Haba Gwaggo! Me kike yi haka?"

"Kana da shi a kwamfuta, ko?"

"Ina da shi, amma..."

"To zauna."

Duk sakin layin da ta yanka sai ta karanta, in ya amsa wata tambaya ta manna shi a ƙarƙashinta, in bai amsa ba ta sake shi ya faɗi. Kafin azahar ƙasa ta yi fari fat. Tambayar farko kuwa, wadda ke cewa wa zai amfana, ko tsinke babu a ƙarƙashinta.

Ta ce, "Babana bai taɓa sa almakashi a yadi ba sai ya auna mai riga. Kai ka ɗinka babbar riga har da aiki, ba ka tambayi wa zai sa ba."

Raina ya ɓaci matuƙa. Ni da ake gayyata taro, mai tafireta ce za ta koya mini rubutu? Na fice ko sallama babu. A gida ina ta bambami, matata ta bari na gama, ta ce, "To madalla. In an zo kwashe kwalaben sai ka nuna musu digirin naka." Kwana biyu na yi ina cika ina batsewa, ran na uku na koma da ƙafata.

Ta share ɗakin tas, sai guntuwar takarda ɗaya da ta tsince ta manna ƙarƙashin tambayar farko. Daga shafi na talatin da tara ta fito, inda na ɓoye ta don ina ganin ba ta yi kama da ilimi ba. Layi uku ne, a kan yadda mahaifiyata ke kwance buhun wake bayan wata huɗu ta tarar rabi ya zama gari, ta zauna ta rafka tagumi.

Gwaggo ta ɗora yatsa a kai. "Ga bincikenka nan. Sauran duk ado ne."

Gaskiya ta faɗa. Saboda tagumin nan na karanta abin da na karanta, ni ne na manta.

Sau biyar na sake rubutawa, har ya dawo shafi goma sha biyu. Ta tura ni na samo wasiƙar goyon baya daga ƙungiyar manoma. Ta sa muka aika saura kwana biyu a rufe, wai ranar ƙarshe kowa ke rububi, shafin intanet na ma'aikatar ya cushe.

Wata huɗu shiru. Ranar da amsa ta zo, wani kafinta da shugaban sashenmu ya aiko na cikin ɗakin gwajina yana auna bango don kafa kantoci. Na karanta layin farko, na sake karantawa, na ce masa, "Malam, naɗe awonka, Allah ya ba ka wani aikin!" Na kwasa da gudu, ni da furfurata da farar rigar gwaji, ɗalibai na darewa.

Gwaggo ta sa tabarau ta karanta har ƙasa, ta ce alhamdu lillahi. Sai ta buɗe kabad, ta zaro takardu uku masu alamar dunƙulewa, ta miƙo mini. Wasiƙun da aka ƙi ni ne, waɗanda na zubar da hannuna.

"Karɓi kayanka, Dakta. Na gama yi maka ajiya."

Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na durƙusa na yi godiya kamar yadda zan yi wa uwata, ta ce in tashi kada in ɓata farar riga, ƙwari na jirana.

Ina fitowa, wa zan gani a kan benci yana jiran layi? Shugaban sashenmu, rungume da takarda mai kaurin bulo. Na gaishe shi da ladabi, na ce, "Ranka ya daɗe, kana dai da shi a kwamfuta, ko?"